Mai Ɗiban Jini a Asibiti: Ina Ake Koyon Aikin?

Kwanan baya wata ɗalibata ta tare ni bayan an tashi daga makaranta. Ta raka ƙaninta asibiti, ta ga yadda wata ma'aikaciya ta ɗaure masa dantse, ta lalubi jijiya, ta ɗebi jini tun yaron bai gama buɗe baki ya yi kuka ba. Ta ce, “Malam, wannan aikin nake so.”

A Amurka mutum yakan yi kos na 'yan watanni a kan ɗiban jini kaɗai, ya sami takardar shaida. A nan ƙasarmu hanyar da aka sani ita ce karatun ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje. Shekara 3 ake yi a makarantar koyon aikin lafiya, irin wadda ke birnin Kano. Ana neman kiredit 5: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kyamistare da Fiziks. Mai son digiri kuwa, shekara 5 ce a jami'a, kamar ta Bayero.

Aikin ya wuce soka allura. Za a koya wa yarinya kada ɗaurin dantse ya wuce minti ɗaya, domin yakan canza sakamakon awo. Kowane gwaji da kwalbarsa. Allura sau ɗaya ake amfani da ita, a jefa cikin akwatinta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rubuta suna a jikin kwalba tun mai jinin yana zaune. Ku tuna da awon sikila da ake yi kafin aure. Idan saurayi da budurwa duka AS ne, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zama SS. A sauya kwalba biyu kawai, an raba waɗanda suka dace, ko an haɗa waɗanda za su sha jinya.

Iyaye na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, ga inda nake so ku buɗe ido. Kafin ku sayar da masara ku biya kuɗin makaranta, ku tambaya ko hukumar MLSCN, wadda dokar 2003 ta kafa, ta amince da wannan kos a makarantar. Ita ke yi wa ɗalibi rajista, ta shirya jarrabawar ƙarshe, ta ba da lasisi. In babu amincewarta, yaro zai dawo gida da takardar da asibitin kirki ba zai karɓa ba.

Ɗalibata dai tana aji biyar. Na ce mata Kyamistare ɗinta na da rauni, mun sa ranar Asabar don ƙarin darasi.