Tsirrai Masu Dafi da Gargaɗin da ke Cikin Sunayensu

Ba kowace shuka mai kyawun fure ce ta dace da tsakar gida ko harabar makaranta ba. Bahaushe ya daɗe da sanin haka, har ya cusa gargaɗi a cikin sunayen wasu tsirrai.

Misali na farko shi ne zaƙami, mai farin fure kamar bakin kakaki, wanda ake yi wa laƙabi da haukata-yaro. Ganyensa da 'ya'yansa na ɗauke da sinadarin atirofin, mai jawo bushewar baki da saurin bugun zuciya da sambatu, wani lokaci har da mutuwa.

Na biyu shi ne bi-ni-da-zugu, wanda ake dasawa domin shinge. Zugu shi ne farin saƙin da ake yin likkafani da shi. Ƙwayar wannan shuka tana da gardi kamar gyaɗa, amma tana haddasa amai da gudawa mai tsanani ga yara da dabbobin gida.

Don haka, malami zai iya amfani da waɗannan harɗaɗɗun sunaye wajen koyar da ƙirar kalma, tare da faɗakar da ɗalibansa. Idan yaro ya ci ɗayansu, a garzaya da shi asibiti tare da reshen tsiron, kada a tsaya ɗura masa manja.