Me Ya Sa Kwalba Ke Fashewa A Cikin Firiza?

Duk wadda ta taɓa sana'ar zoɓo ko kunun aya ta san wannan asarar: a cika gora taf da daddare, a saka a firiza, da safe a tarar ta kumbura ko murfin ya ɓalle. In kwalba ce, sai dai a kwashe tarwatse. Mai juna biyun da ke shirin komawa aiki ko makaranta bayan haihuwa ya kamata ta san dalilin haka, domin wata rana nononta za ta tatsa ta ajiye wa jariri.

Yawancin abubuwa suna buɗewa idan sun ji zafi, su tsuke idan sun ji sanyi. Haka zaibar da ke cikin tsohon ma'aunin zafin jiki take yi, shi ya sa take hawa idan jiki ya yi zafi. Ruwa ma yana tsukewa yayin da yake sanyi, amma iyakarsa digiri 4. Daga nan sai ya fara buɗewa, idan kuma ya daskare a digiri 0, girmansa yakan ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100. Nonon uwa kuwa kusan kashi 87 cikin 100 nasa ruwa ne, don haka halinsu ɗaya.

Saboda haka idan za ki daskarar da nono, kada ki cika mazubin. Ki bar sarari kamar faɗin yatsu biyu daga sama, ki rufe sosai, ki rubuta ranar da kika tatsa. Gara ki zuba kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da jariri zai sha lokaci guda.

Nonon da aka tatsa yakan kai awa 4 a ɗaki mai digiri 25, kwana 4 a firji, wata 6 a firiza. Amma a bazararmu, da zafi kan wuce digiri 40, kada ki dogara da awa 4 ɗin nan. Sai kuma matsalar ɗauke wuta, wadda ba sai an gaya wa kowa ba. Idan kin duba kin ga da sauran ƙanƙara a cikinsa, ana iya sake daskarar da shi. Idan ya narke duka amma da sanyinsa, a ba jariri cikin awa 24, kada a mayar da shi firiza.

Wajen ɗumamawa, a tsoma mazubin cikin kwano mai ruwan ɗumi. Ba a tafasa shi, don zafin yana lalata sinadaran da ke kare jariri daga cututtuka. Idan kin ga maiƙo ya taso sama, ba lalacewa ya yi ba, ki jujjuya shi a hankali ya haɗe. Ki ɗiga a bayan hannunki kafin ki ba shi.

Af, kada a ɗauka cewa sanyi mai yawa alheri ne ga kowane magani. Rigakafin tetanus da ake yi miki lokacin awo, da na ciwon hanta da ake yi wa jariri ranar haihuwa, ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8. Idan suka daskare ƙarfinsu ya tafi, ko da sun narke daga baya. Duk maganin da aka ce ki ajiye a firji, ki sa shi a tsakiya, nesa da gidan ƙanƙara.