Neman Digirin Dakta a Fannin Tonon Zuci a Amurka

Abin da ake nufi da tonon zuci shi ne hanyar jiyyar nan da Sigmund Freud ya ƙago a Biyana, wadda majinyaci ke faɗin duk abin da ya faɗo masa a rai, har mafarkansa, mai jiyya kuwa yana kasa kunne ga abin da ke ɓoye a ƙarƙashin maganar. Ɗalibin ilmin halayyar ɗan Adam da ke son wannan tafarki a Amurka, wajibi ne ya san cewa digirin dakta shi kaɗai ba ya mai da mutum gwanin tonon zuci. Wannan horo ne dabam, na wasu cibiyoyi, bayan digiri.

Da can ma likitoci ne suka tare ƙofar, ko da yake Freud da kansa ya rubuta littafi a 1926 yana kāre waɗanda ba likitoci ba. Sai da masana halayya suka kai ƙara kotu a 1985, aka sasanta a 1988, sa'an nan cibiyoyin babbar ƙungiyar fannin suka sakar musu hanya.

Digirin iri biyu ne. PhD ya bi tsarin taron Boulder na 1949, wanda ya gama bincike da jiyya. PsyD kuwa ya ƙarfafa bayan taron Vail na 1973, ya fi karkata ga jiyya, amma galibi ɗalibi ne ke biyan kuɗin makaranta, kuma bashin kan yi nauyi ƙwarai.

Yau yawancin sassan jami'o'i sun koma ga jiyyar gyaran tunani da ɗabi'a. Kaɗan ne suka riƙe gadon Freud, kamar makarantar Derner ta Jami'ar Adelphi da shirin City College, dukansu a jihar Niyu Yok. Saboda haka sunan jami'a ba ya wadatarwa. Abin dubawa shi ne su wane ne malaman da za su zauna da ɗalibi mako-mako suna bitar hirarsa da majinyata, da kuma ko asibitin koyon yana barin a riƙe majinyaci ɗaya shekara biyu ko uku, gama ba a koyon wannan sana'a da jiyyar mako goma.

Akan rufe karɓar takardu wajen farkon Disamba, a yi ganawa cikin Janairu da Fabrairu, wanda aka ɗauka ya ba da amsa zuwa 15 ga Afrilu. Karatun kan ci shekara biyar zuwa bakwai, har da shekara guda ta aikin asibiti.