Kotoko da Hearts of Oak: abin da ya sa wasan ƙarshe na Tamale ya fi ƙarfin kofi

A ranar Lahadi 29 ga watan Oktoba na 2017, ƙungiyar Asante Kotoko ta birnin Kumasi ta doke Hearts of Oak ta Akra da ci 3 da 1 a wasan ƙarshe na cin kofin ƙalubale na Ghana, wato kofin FA. An buga wasan a babban filin wasa na Tamale da ke arewacin ƙasar, wanda aka gina domin gasar cin kofin Afirka ta 2008, kuma yanzu yake ɗauke da sunan marigayi Aliu Mahama, tsohon mataimakin shugaban ƙasa. Har yau magoya bayan ɓangarorin biyu ba su daina maganar wannan rana ba. Dalilin kuwa yana cikin tarihin ƙungiyoyin da kuma halin da kowacce ta shiga fili da shi.

Yadda wasan ya gudana

Tun kafin a tafi hutun rabin lokaci aka san inda kofin ya dosa. Ɗan wasan gaba na Kotoko, Saddick Adams, shi kaɗai ya zuba ƙwallaye uku a ragar Hearts cikin kashin farko na wasan. Bayan an dawo, Thomas Abbey ya rage wa Hearts ɗaya, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Wannan ne karo na tara da Kotoko ta ɗaga kofin, a lokacin da Hearts ke da goma.

Rabon ƙungiyoyin biyu da haɗuwa a wasan ƙarshe na wannan kofi tun 1990, shekaru 27 ke nan, kuma a wancan karon ma Kotoko ce ta yi nasara da ci 4 da 2. Haka aka tashi a wasan ƙarshe na farko a tarihin gasar, a 1958: Kotoko 4, Hearts 2. Saboda haka mutanen Akra sun je Tamale da tsohon bashi a zuciya, suka dawo bashin ya ƙaru.

Asalin hamayyar

An kafa Hearts of Oak a Akra ranar 11 ga Nuwamba 1911, tun Ghana tana ƙarƙashin mulkin Turawan Ingila da sunan Gold Coast. Ita kuwa Kotoko an kafa ta a Kumasi ranar 31 ga Agusta 1935. Kalmar kotoko a harshen Twi na nufin beguwa, alamar masarautar Asante, kuma Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na II, shi ne uban ƙungiyar. Don haka duk karawarsu takan ɗauki kamannin gwada ƙwanji tsakanin babban birnin ƙasa da ke bakin teku da kuma birnin sarauta da ke tsakiyar ƙasa.

Dukkansu sun taɓa zama zakarun nahiya. Kotoko ta ci kofin zakarun Afirka a 1970 da 1983, Hearts ta ci a 2000. A karon farko da hukumar CAF ta shirya gasar kofin Confederation, a 2004, su biyun ne suka kai wasan ƙarshe. An tashi 1 da 1 a Akra, aka sake tashi 1 da 1 a Kumasi cikin Janairun 2005, sannan Hearts ta yi nasara da 8 da 7 a bugun fenariti, a gaban magoya bayan Kotoko. Wannan mikin yana cikin abin da mutanen Kumasi ke ganin sun rama a Tamale.

Rabon zango a cikin labarin

Mazauna zango, inda Hausa take harshen yau da kullum, suna da hannu dumu-dumu a tarihin ƙungiyoyin nan. Babban filin wasa na Kumasi sunan Baba Yara yake ɗauke da shi, shahararren ɗan wasan gefe na Kotoko da haɗarin mota ya katse wa wasa a 1963, ya rasu a 1969. Ibrahim Sunday da Abdul Razak, waɗanda aka zaɓa gwarzayen 'yan ƙwallon Afirka a 1971 da 1978, dukkansu a Kotoko suka yi suna. A ɓangaren Hearts kuwa, Mohammed Polo ɗan unguwar Nima ne a Akra, unguwar da ta shahara da son wannan ƙungiya. Shi ya sa ranar wasansu zance kan cika majalisun shayi daga Nima har Aboabo.

Inuwar 9 ga Mayu

Duk wanda ke shirya wasa tsakanin Kotoko da Hearts, abin da ya faru ranar 9 ga Mayu 2001 yana cikin ransa. A ranar, a filin wasa na Akra, Hearts ta ci ƙwallaye biyu gab da tashi ta juya wasan zuwa 2 da 1. Wasu magoya baya da suka fusata suka shiga jefa kujerun roba da kwalabe cikin fili, 'yan sanda suka harba hayaƙi mai sa hawaye a tsakiyar jama'a, mutane suka ruga ƙofofin fita suka tarar da wasunsu a kulle. Mutum 126 suka rasu a turmutsutsun, mafi munin bala'in filin ƙwallo a tarihin Afirka. Da yawa daga cikin mamatan Musulmi ne 'yan Nima da unguwannin da ke kewaye da ita. An gurfanar da jami'an 'yan sanda shida a kotu, daga baya aka sallame su.

Wannan ne ya sa batun wurin da za a buga irin wannan wasa ba ƙaramin abu ba ne. Tamale ba gidan kowa ba ce a cikinsu: tana da nisan kusan kilomita 600 daga Akra, kusan 380 daga Kumasi. Kai wasan can ya raba ƙungiyoyin biyu da fa'idar wasa a gida, ya kuma bai wa mutanen arewa damar ganin wasan da suka saba ji a rediyo.

Abin da kowa ya shiga nema

A kakar 2017 Aduana Stars ce ta lashe gasar lig ta Ghana, don haka kofin FA shi ne abin da ya rage wa manyan biyu su nuna wa magoya bayansu. Ban da haka, wanda ya ci kofin shi ke wakiltar ƙasar a gasar Confederation ta shekara mai zuwa, abin da ke jawo kuɗin shiga, ya kuma buɗe wa 'yan wasa ƙofar samun ciniki a waje.

Ga Kotoko akwai wani nauyi na daban. Ranar 12 ga Yuli 2017, motar da ke ɗauke da 'yan wasanta ta afka wa wata babbar mota a Nkawkaw, a kan hanyar komawa Kumasi daga Akra bayan wasan lig da Inter Allies. Ɗaya daga cikin ma'aikatan da ke kula da kayan wasa ya rasu, mai horarwa Steve Polack da wasu 'yan wasa suka ji raunuka, aka ɗage wasannin ƙungiyar na wani lokaci. Wata uku da rabi bayan haka ne wannan tawaga ta ɗaga kofi a Tamale, shi ya sa nasarar ta zame wa magoya bayanta share hawaye.

Bayan an tashi

Murnar ba ta yi tsawon rai ba. A watan Fabrairun 2018 ƙungiyar CARA ta Brazzaville ta fitar da Kotoko tun zagayen share fage na gasar Confederation, ta hanyar bugun fenariti, kuma ba a jima ba aka sallami Polack. A watan Yuni na shekarar, binciken ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas mai suna Number 12 ya bankaɗo cin hanci a harkar ƙwallon Ghana, shugaban hukumar ƙwallon ƙasar Kwesi Nyantakyi ya sauka, aka dakatar da gasanni, kofin FA na 2018 bai kai ga wasan ƙarshe ba.

Da al'amura suka daidaita, Hearts ta farfaɗo ta ci kofin sau biyu a jere: a 2021 ta doke Ashanti Gold a bugun fenariti, a 2022 ta doke Bechem United da ci 2 da 1, jimillar kofunanta suka kai 12. Sai dai babu ɗaya daga cikin nasarorin biyu da ta zo a kan Kotoko. A wurin ɗan Hearts na gaske, bashin Tamale ba zai biyu ba sai ranar da aka doke beguwa a wasan ƙarshe.