Kafin a buga ganga: yadda ake zaɓen ƴan kokowa goma a takarda

Da zarar gero ya shiga rumbu, sanyin hunturu ya fara saukowa, magana ɗaya ce ke cin kasuwa a Icirnawa da sauran garuruwan ƙasar Matameye: wa zai ɗauki takobi bana? A teburin mai shayi, a ƙofar biro, a cikin motar da ke zuwa Damagaram, kowa da gwaninsa. Ɗan kasuwa ya rantse da nasa, mushen lakkol ya rantse da nasa, a yi ta musu har a watse ba wanda ya kayar da wani. In an gama gasa kuwa, sai ka rasa wanda ya yi kuskure, domin kowa cewa yake dama ya faɗa. Dalili shi ne musun baki ba ya barin shaida.

Akwai hanyar da mutanen wasu ƙasashe suka samo ta raba irin wannan gardama, kuma ta cancanci masu karatunmu su san ta. Kafin a fara gasa, kowane ɗan kallo yakan rubuta sunayen ƴan wasan da ya yarda da su, ya haɗa ƙungiyarsa a takarda. Duk abin da waɗannan ƴan wasa suka yi a fili na gaskiya, sai a ƙidaya masa maki. Ranar ƙarshe a tara, a ga wanda ya san wasa da wanda yake bin suna kawai.

Darasi daga bakin teku

Masu kallon ƙwallon Ingila sun san wannan tsari: ana ba mutum kuɗin wasa fam miliyon 100, ya sayi ƴan ƙwallo 15, kuma ba a yarda ya ɗauki fiye da uku daga kulob ɗaya ba. Amma misalin da ya fi kusa da kokowa yana cikin wani wasa da ba mu da shi a Nijar, tunda ba mu da teku, wato hawan igiyar ruwa. Mutum yakan tsaya bisa wani falanki mai santsi, ya hau raƙumin ruwa yana sarrafa shi har ya mutu a gaɓa. Ana yin sa a Dakar, ana yin sa a Hawai da Ostireliya da Birazil. Ya shiga wasannin Olampik a Tokiyo a 2021, sannan a 2024 aka yi gasarsa a tsibirin Tahiti, inda Kauli Vaast na Faransa ya ci zinariya a ɓangaren maza.

Kamarsa da kokowa ita ce mutum shi kaɗai yake shiga, kuma wanda aka fi shi maki a zagaye yakan koma gida. Alƙalai suna ba kowane hawa maki daga ƙasa har zuwa 10, a tara hawa biyu mafi kyau na kowane ɗan wasa. Hukumar da ke shirya gasar duniya, World Surf League, ta buɗe wa ƴan kallo wasan zaɓen ƙungiya, ta raba ƴan wasa aji-aji bisa matsayinsu, don kada mutum ya kwashe gwanaye zalla. Waɗanda suka daɗe a wannan wasa sun gane cewa suna ba ya isa. Ba’amurke Kelly Slater ya zama zakaran duniya sau 11, amma ko shi ba kowane ruwa ne yake yi masa daidai ba. Wani ya ƙware a igiya mai tsawo da ke naɗewa kamar tabarma, wani kuma sai a ƙaramar igiya yake nuna bajinta. Saboda haka mai zaɓe na ƙwarai yakan duba wurin da za a yi gasar, da iskar da ake sa rai, da wanda ƙuri’a ta haɗa da wa, da wanda ya ji rauni a watan jiya. Wannan tunani shi ne abin da ya kamata mu ara.

Yadda takobi yake tafiya

An fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, zamanin Janar Seyni Kunce, kuma Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, na Maraɗi, shi ya fara ɗaukar takobi. Tun daga nan gasar take zagaya jihohi. Yau jihohi takwas ke shiga, kowace da ƴan kokowa goma, jimla 80. Kowace jaha takan kara da sauran bakwai, wato karo 28 ke nan, kowane karo da kokowa goma. In an lissafa, kokowa 280 ake yi kafin a kai zagayen ƙarshe. Wanda aka kai ƙasa sau ɗaya ya fita daga neman takobi, amma yakan ci gaba da kokowa don jaharsa. Waɗanda suka rage ba su faɗi ba, su ne ke karawa da juna har a samu sarki, a naɗa masa rawani, a ba shi takobi da doki da kuɗi.

Mu mutanen Damagaram ba baƙi ba ne a wannan fage. Filin kokowar birnin Zinder yana ɗauke da sunan Langa-Langa, kamar yadda na Doso ke ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani, na Maraɗi kuma da sunan Kantu. Bala Haruna ya kawo takobi gida fiye da sau ɗaya, kuma a 2018, da aka yi gasar a Zinder, Tasi’u Sani ya riƙe shi a gaban jama’arsa.

Ƙa’idar takarda

Ga tsarin da kowace fada ko biro ko layin kasuwa za su iya bi ba tare da kwamfuta ba. Kowa ya rubuta ƴan kokowa goma daga cikin 80. Kada a ɗauki fiye da biyu daga jaha ɗaya. Kada a ɗauki fiye da mutum ɗaya wanda ya taɓa riƙe takobi. A tilasta wa kowa ya sa aƙalla uku daga cikin sabbin shiga. Kowane kaye maki ɗaya. Wanda ya kai ƙarshen karon jihohi bai faɗi ba, ƙarin maki biyar. Wanda ya ɗauki takobi, ƙarin goma. A damƙa takardun ga wani dattijo amintacce kafin a buga gangar farko, kada a sake taɓa su.

Duk wanda ya zauna ya yi lissafi zai ga wani abin mamaki. Mutum goma, kowa da kokowa bakwai, kokowa 70 ke nan. Sarkin da kowa ke musu a kansa bakwai kaɗai yake da su a ciki. Sauran 63 suna hannun mutum tara da ba a cika ambatonsu ba. Ma’ana, ana cin takarda ne da ƴan tsakiya, irin ƙarfafan nan da za su yi kaye biyar ko shida ko da sun faɗi a rana ta biyu. Wanda ya san sunan sarki kaɗai, bai san kokowa ba.

Abin dubawa na biyu shi ne ƙuri’a. Ƴan jaha ɗaya ba sa haɗuwa da juna a karon jihohi, saboda haka ɗaukar biyu daga jaha mai ƙarfi yana rage haɗarin naka ya kayar da naka. Na uku shi ne salo. Akwai mai ƙarfin ƙirji da ke son a rungumi juna, akwai mai saurin kamun ƙafa, akwai mai haƙuri da ke jiran abokin karawa ya gaji ko ya tara gargaɗin alƙali. Jibgegen da ke tsoratar da jama’a da kirari sau da yawa a hannun siriri mai dabara yake faɗuwa. Na huɗu shi ne lafiya da shekaru, domin kokowa bakwai cikin ƴan kwanaki ba ta barin gwiwa mai tsohon ciwo.

Sai kuma batun gida. Ihun jama’a da kiɗan makaɗa suna ƙara wa mutum ƙarfi, kamar yadda aka gani a Zinder a 2018. Amma gida yana da nauyinsa. Kadri Abdu, wato Isaka Isaka na Doso, ya ɗauki takobi sau shida, uku daga ciki a jere, a Yamai da Difa da Agadas, na ƙarshen a Disamba 2023. Da aka kawo gasar Doso a Disamba 2024, kusan kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Sai ga Abba Ibrahim na Yamai ya raba shi da takobin a karon ƙarshe, a gaban mutanensa. Da a ce ana wasan takarda a wannan shekara, da masu bin suna sun sha mamaki.

Inda maganar ta shafi Icirnawa

Mai karatu zai iya cewa duk wannan wasa ne. Gaskiya ne, amma a bayansa akwai zaɓe na gaske. Goman da ke wakiltar Damagaram ba daga sama suke faɗowa ba. Daga dandalin ƙauye suke farawa, a kokowar kaka da samari ke yi bayan girbi, su hau zuwa gunduma, sannan zuwa jaha. Gundumar Kance tana da kwamin tara: Matameye, Kance, Icirnawa, Ɗan Barto, Dawce, Dungu, Kurni, Tsawni da Yawuri. A kowace akwai samari masu ƙarfi da noma ya gina. Sai dai lokacin da ya kamata a gan su a dandali shi ne lokacin da da yawansu ke ɗaura kaya su tafi cin rani Kano ko Daura ko arewa mai nisa. Wanda ya rage kuma, in ba shi da mai ɗaukar nauyin abincinsa da kuɗin motarsa, ba zai kai filin Langa-Langa ba. Wani kuma in ya ga ba a kula shi a gida, sai ya tafi ya sa rigar wata jaha, tunda ba lalle ne ɗan kokowa ya wakilci inda aka haife shi ba.

Nan ne ƙa’idar sabbin shiga uku take da amfani. Mutumin da aka tilasta wa rubuta sunan sabon ɗan kokowa, dole ya tambaya, dole ya je ya kalli zaɓen jaha, dole ya san wanda ya yi kaye a kasuwar ƙauye. Ɗan kasuwar da ya ga yaron da idonsa ya fi saurin saya masa buhun shinkafa. Ma’aikacin da ya san ƙarfin yaron ya fi saurin tambayar dalilin da ya sa aka bar shi a gida aka ɗauki wani don tsohon suna ko don sanayya. Masu zaɓen goman jaha su ma mutane ne. In sun san akwai idanu masu lissafi a kansu, za su ƙara kiyayewa.

Gargaɗi ɗaya ya rage. Tsakanin wannan wasa da caca taku ɗaya ne, kuma takun shi ne kuɗi. Mun ga yadda albashin wasu ke ƙarewa a kan dawakin da ke tsere a Faransa, waɗanda ba su taɓa gani ba. In aka sa jika ɗaya a kan takarda, gobe za ta zama goma, jibi a fara neman wanda zai lallaɓi ɗan kokowa ya faɗi da gangan. Addini ya hana, hankali ma ya ƙi. Ladan mai nasara ya tsaya a goro da shayi da girmamawar fada har shekara ta kewayo. Wanda kuwa yake da abin kashewa, ga samarin dandali nan suna jiran mai taimako.

Saboda haka, kafin a buga ganga bana, kowa ya nemi alƙalami da takarda. Allah ya ba mai rabo sa’a, ya sa a yi lafiya a gama lafiya.