Keffi: Haya Ta Yi Tsada, Ruwa Sai Na 'Yan Garuwa

Tun da hedkwatar Tarayya ta koma Abuja a 1991, garin Abdu Zanga ya canza kama. Ma'aikatan da hayar Abuja ta gagare su suka fantsamo Mararaba da Masaka, har suka iso Keffi. Ana nan kuma aka kafa Jami'ar Jihar Nasarawa a 2001, ɗalibai suka cika Unguwar Lambu maƙil.

To, masu gidaje sai suka ga banza ta faɗi. A raba ɗaki biyu, a ce kuɗin shekara guda ake so, lakadan.

Ruwan famfo na Mada kuwa ba kullum yake zuwa ba, balle a sababbin unguwanni. Sai rijiya, ko a tare 'yan garuwa. Talakan gari, wanda ba ya cin albashin Abuja, farashi ɗaya yake biya da baƙin.