Tsohuwar Libarba da Akwatinta: Abin da Ke Ba Su Daraja

Libarba ƙaramar bindiga ce ta hannu, mai gangar ƙarfe da ke juyawa a tsakiyarta, da ramuka biyar ko shida inda harsashi ke zama. Duk lokacin da aka ɗana ta, gangar takan juya ta kawo sabon rami saitin bakin bindiga. Samuel Colt na Amurka ya yi wa irin tasa rajista a 1836, kuma kafin ƙarni na 19 ya ƙare ta zama makamin da hafsoshin Turai ke ratayawa a ƙugu. A yau akwai masu tara tsofaffinta kamar yadda wasu ke tara tsofaffin kuɗi, kuma ana sayar da wasu a gwanjo da farashin da ya fi na gida.

A ƙasar Tasawa da Mayahi da ke Nijar, libarba ta shigo ne da yaƙi. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Chanoine ta ratso daga yamma tana ƙona garuruwa, ta yi kisa mai muni a Birnin Konni, ta bi ta ƙasar Maraɗi. Labarin ta'asar ya kai Faransa, aka turo Laftanar Kanar Klobb ya karɓe rundunar, amma Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu baƙar fata suka kashe Chanoine, sannan Voulet, kuma kaburburansu na Maijirgi a gundumar Tasawa. Libarbar hafsoshin Faransa a wannan zamani ita ce ƙirar 1892 ta masana'antar makamai ta Saint-Étienne, mai cin harsashi shida na milimita 8. Kafin ita akwai ƙirar 1873 da ta 1874, masu milimita 11. A kudu kuwa, hafsoshin Ingila da suka ci Kano da Sakkwato a 1903 Webley suka fi riƙewa.

Tsufa kaɗai ba ya sa libarba tsada. An ƙera ƙirar 1892 fiye da dubu ɗari uku, saboda haka a kasuwar Turai ba abin mamaki ba ce. Abin da masani ke fara dubawa shi ne rubutun da ke jikin ƙarfe. Ƙirar 1892 tana ɗauke da sunan masana'anta a gefe, da shekarar ƙira a jikin hancinta, da lamba mai harafi a gaba, kuma tana da wata alama da ke bambanta ta da takwarorinta: gangarta dama take buɗewa, ba hagu ba. A tsofaffin Colt kuwa, an buga lamba ɗaya a sassa da dama, hanci da gangar jiki da ganga da mariƙi. In lambobin suka zo ɗaya, bindigar tana nan yadda ta fito daga masana'anta. In suka saɓa, an yi mata haɗe-haɗe, farashinta ya faɗi ke nan.

Na biyu shi ne launin asali, wannan shuɗi-baƙi da ake yi wa ƙarfe don kare shi daga tsatsa. A nan ne masu gado suka fi yin asara ba da saninsu ba. Mutum ya tarar da tsohon ƙarfe a adakar kakansa ya dushe, sai ya ɗauko yashi ko toka ya goge shi har ya yi ƙyalli, ko ya kai wa maƙeri ya sake masa ƙota. Niyyar mai kyau ce, amma gugar ta tafi da launin da ba ya dawowa, ta kuma cinye ƙananan hatiman masu bincike, waɗanda su ne shaidar asalinsa. Mai tara kayan tarihi ya fi son libarbar da ta dushe ba a taɓa ta ba a kan wadda aka sabunta.

Akwatin kyauta wani fanni ne mai zaman kansa. Ana yin sa da katako mai kyau, a shimfiɗe cikinsa da karammiski, a yanka wa kowane abu gurbinsa. A zamanin da ake ɗura albarushi da hannu, akwatin yakan ƙunshi battar albarushi, da mazubin harsashi, da ɗan gwangwanin hular tartsatsi, da abin kwance ƙusa. Amurkawa da Ingilawa sukan raba cikin akwatin da ƙananan katangu, Ingilawan ma sukan manna takardar shagon da ya sayar a cikin murfi. Faransawa kuwa sukan ƙwaƙule gurbi daidai siffar bindigar, ta kwanta ciki kamar takobi a kubensa. Colt ya gane amfanin irin wannan kyauta wajen neman ciniki: a 1854 ya miƙa wa Sarkin Rasha Nikolas na Ɗaya libarbobi masu adon zinariya, waɗanda ke ajiye a gidan tarihi na Hermitage.

Yadda akwati ke ɗaga farashi ya fito fili a 2018. Libarbar Colt Walker ta 1847, wadda guda 1,100 kacal aka ƙera, ta zo gwanjon Rock Island a Amurka cikin akwatinta na asali, aka saye ta dala miliyan 1.84. Irin wannan kuɗi ne ya sa ake yin jabu, a samo tsohon akwati a sa masa bindigar da ba tasa ba. Masana kan gane ta wurin duba karammiskin. Bindigar da ta shekara ɗari a gurbi ɗaya takan bar sawunta: wurin da tsinin saiti ya ci yadin, tabon mai a ƙarƙashin ganga, da inda launin yadin ya rage da ƙarfinsa saboda ƙarfe ya rufe shi daga haske. In sawun bai hau kan bindigar da ke ciki ba, daga baya aka haɗa su.

Sai kuma tarihin hannun da ta bi, wanda sau da yawa yakan rinjayi duk sauran. Takardar saye, ko wasiƙa, ko suna da aka zana a jikin ƙarfe, suna iya ninka farashi. A ƙasar Hausa wannan tarihi a baki yake, wurin dattawa da makaɗan fada, kamar yadda ake riƙe labarin takubba da sulke da bindigogin gargajiya na gidajen sarauta. Dillali ba ya biyan kuɗi a kan labarin baka, amma ga mutanen Tasawa da Maijirgi shi ne mafi muhimmanci, domin makamin da ya fito daga zamanin 1899 shaida ce ta abin da aka yi wa kakanninsu. Abin da ya dace shi ne a rubuta labarin tun masu shi na raye, da sunan mai faɗa da ranar, a ɗauki hoton lambobin, a ajiye tare.

Ajiya ba ta da wuya: ɗan mai kaɗan a ƙyalle mai laushi, wuri busasshe nesa da laimar damina, a kuma kare akwatin daga gara. Kada a gwada harba ta, domin ƙarfen da aka yi don tsohon albarushi yana iya fashewa da harsashin zamani. A idon doka kuma tsohuwar libarba makami ce, riƙe ta na buƙatar izinin hukuma. Nijar na da hukumar tattarawa da sa ido kan haramtattun makamai tun 1994, kuma kan iyakar Maraɗi da Najeriya na fama da 'yan bindiga, saboda haka ba kayan da za a ɗauka a kai kasuwa ba ne. Wanda ya gaji irinta yana iya sanar da jandarma ko sarkin garinsa, sannan a nemi shawarar gidan tarihi na ƙasa na Boubou Hama da ke Yamai kan yadda za a rubuta ta a adana.